Fam Bakwai na Yila

Ruwa ya kwana uku yana zuba a Kumo,
katangar ɗakin Baba ta sha, ta gaji, ta zauna.
Cikin laka ƙanena Sambo ya tsinci gwangwanin shayi,
tsatsa ta ɗaure masa baki,
sai da tsinin wuƙa ya yarda ya yi magana.

Fam bakwai, a naɗe cikin ƙyallen alawayyo,
sule huɗu, sisi guda,
da kwabo mai huji, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.
Ƙarƙashinsu takarda, ajamin Baba mai jirkice wa hagu:
"Ajiyar Yila na Billiri, leburan layin dogo.
Ba nawa ba ne."

Inna Dudu ta dafa ƙirji.
"Dogon nan mai wushirya!
Shi ya kawo wando a ɗinka, ya bar kuɗinsa,
ya ce sai an kai ƙarfe Bajoga zai biyo.
An kai ƙarfe. Jirgi ya yi kuka ya wuce.
Shekarar da aka canja kuɗi mun ci tafasa wata biyu,
babanku bai taɓa ko sisin nan ba."

Ranar Litinin na hau mota zuwa Gombe.
Yarinyar banki ta ɗaga fam ɗaya a hasken taga,
ta kira abokan aikinta su zo kallo.
"Kawu, ran canji fam ɗaya naira biyu ce.
Sha huɗu ke nan da ɗoriya.
Kuma ƙofar nan an rufe ta
tun uwata tana goye."

Naira sha huɗu!
Ko ruwan leda ba za a miƙo maka ba.

Maƙerin azurfa ya ɗora sulallan a sikeli,
ya taɓe baki, ya ce ƙarfen banza ne.
Wani mai tara kayan da, a bakin tasha,
ya ture takardun gefe da farce,
kwabon ya kama, ya leƙa ni ta hujin,
ya taya dubu biyu.
Ƙaramin cikinsu ya fi iyayensa tsada.

Sai na tambayi tsohon dillali a tike:
fam bakwai, a wancan zamani, me take ja?
"Karsana," in ji shi, "har da igiyarta."
Na kwana ina kiwo a cikin kaina.
In karsana ce, ina maruƙanta?
Shekara sittin tana haihuwa a cikin bango.
Garke nake bin bashi, ko takarda?
Ni da tunkiya ɗaya ce a turkena.

Ita na ja zuwa Billiri.
Gida huɗu na yi sallama kafin a nuna mini Rifkatu,
jikarsa, tana suyar ƙosai a bakin makaranta.
Ta goge hannu a zani. Na karanta mata ajamin,
sau biyu, don ta ce in sake.

Ta daɗe ba ta juya ƙosan ba.
"Zazzaɓi ya kashe shi a sansani.
Gawa aka kawo, aljihu wayam.
Kakata ta shekara talatin tana cewa
a gidan burkutu ya zubar da guminsa.
Da haka aka binne ta."

Ba ta kalli tunkiyar ba, sai da na matsa.
Takardar ta ninke, ta sa a ɗan tofi,
ta ce ran Lahadi za ta kai wa baffanninta su ji.
Sannan ta zaro kwabon ta danƙa mini:
"Ladan ajiya. Ka kai wa tsohuwa."

Yana nan rataye da zare
a wuyan keken ɗinkin Baba.
In na taka, sai ya riƙa bugun ƙarfe.